Black Friday a Birtaniya: tambayoyi da amsoshi kan rangwamen da ya tsallako daga Amurka

Duk shekara da Nuwamba ya kama, kantunan Birtaniya sukan cika tagoginsu da baƙaƙen alluna masu shelar rangwame, wayoyin mutane kuma su cika da saƙonnin talla. Ɗalibai, ma'aikata da baƙi masu ziyara sukan yi ta maimaita tambayoyi iri ɗaya a kan wannan al'ada. Ga su nan mun tattara, daga asalin abin har zuwa abin da doka ta tanadar wa mai saye.

Mece ce Black Friday, kuma yaushe take faɗowa?

Ita ce Juma'ar da ke bin ranar bikin godiya na Amurkawa, wanda suke kira Thanksgiving. Bikin yana kamawa ran Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba, saboda haka Juma'ar ba ta wuce tsakanin 23 da 29 ga wata. A Amurka ma'aikata da yawa ba sa zuwa aiki a wannan Juma'a, yara ba makaranta, iyali sun taru an ci an ƙoshi jiya, ga Kirsimeti saura wata guda. 'Yan kasuwa suka ga babu ranar da ta fi dacewa a buɗe kakar cinikin ƙarshen shekara kamarta.

Alaƙar bikin da kasuwa tsohuwa ce. A 1939 shugaba Franklin Roosevelt ya matso da Thanksgiving mako guda kafin lokacin da aka saba don a tsawaita kwanakin sayayya kafin Kirsimeti. Wasu jihohi suka bi shi, wasu suka ƙi, aka yi ta ruɗani har majalisar dokokin ƙasar ta tsayar da Alhamis ta huɗu a 1941.

Me ya sa ake ce mata "baƙa"?

Sunan ba daga 'yan kasuwa ya fito ba. 'Yan sandan birnin Philadelphia ne suka yaɗa shi tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960, saboda cunkoson motoci da na jama'a da ke hana su sakat a ranar, ga kuma 'yan kallon wasan ƙwallon sojan ƙasa da sojan ruwa da ake yi washegari Asabar. Sunan ƙorafi ne. Daga baya, a shekarun 1980, masu kantuna suka yi masa sabuwar fassara: wai a littafin akawu ana rubuta asara da jan alƙalami, riba da baƙi, to a ranar ce ciniki ke fita daga ja ya shiga baƙi. Wannan bayani ya fi daɗin ji, amma an ɗora shi ne bayan sunan ya riga ya kama bakin mutane.

A Birtaniya kuwa, kafin zuwan rangwamen, 'yan sanda da ma'aikatan motar asibiti suna kiran Juma'ar ƙarshe kafin Kirsimeti da wannan suna, don a daren ne mashaya ke cika, faɗace-faɗace su yi yawa. Wanda kiran Juma'a baƙa ya yi wa nauyi a baki ba shi kaɗai ba ne: a ƙasashen Larabawa kamfanin Souq ya mayar da ita Farar Juma'a a 2014 saboda darajar ranar a wurin Musulmi.

Birtaniya ba ta bikin Thanksgiving. To wa ya kai mata rangwamen?

Kamfanoni biyu masu alaƙa da Amurka. Na farko Amazon, wanda ya fara tallan Black Friday a shafinsa na Birtaniya a 2010. A shekarun farko abin bai wuce intanet ba, mutane da yawa ma ba su san sunan ba. Na biyu Asda, babban kantin kayan masarufi wanda kamfanin Walmart na Amurka ya saya a 1999. A 2013 Asda ta kwaikwayi salon uwar kamfaninta: kaya kaɗan, farashi a ƙasa ƙwarai, a buɗe ƙofa da sassafe, wanda ya riga ya samu. Talabijin da ƙananan kwamfutoci suka ƙare cikin ɗan lokaci, jaridu suka ɗauki labarin.

Da zarar babba ɗaya ya rage farashi, sauran ba su da zaɓi. Kantin John Lewis misali ne mai kyau: a wancan lokacin yana da alkawarin da ya ɗauka tun 1925 cewa ba zai bari wani kanti ya fi shi araha a kan kaya iri ɗaya ba, saboda haka ko bai so ba sai ya bi sahu. Currys, Argos, Tesco da Boots duk suka shiga. Abin lura a nan shi ne Birtaniya ta ɗauki cinikin ta bar bikin. Babu hutu, babu taron iyali, Juma'ar ranar aiki ce kamar kowace. Wannan giɓin ne ya sa al'adar ta ɗauki wata siffa daban a can, kamar yadda amsar da ke kan ɓacewar dogayen layuka ta nuna.

Me ya faru a 2014 da har yanzu ake ambatonsa?

Ranar 28 ga Nuwamba 2014 ce abin ya wuce gona da iri. Wasu kantunan Tesco sun fara rangwame da tsakar dare, jama'a suka yi dafifi fiye da yadda masu gadi za su iya riƙewa. An kira 'yan sanda zuwa rassa da dama a yankin Manchester, an kama mutane, wasu sun ji rauni. Shugaban 'yan sandan yankin na lokacin, Peter Fahy, ya fito ya zargi kantunan da rashin tanadar isassun ma'aikatan tsaro ga abin da kowa ya san zai faru. A Asda ta Wembley da ke Landan, 'yan jarida da aka gayyato don ɗaukar hoton garaɓasa sai suka ɗauki hoton wawaso: manya suna jan kwalin talabijin ɗaya, wannan ya riƙe gefe wancan ya riƙe gefe, wasu a ƙasa ana tattaka su.

A intanet ma ba a tsira ba. Shafukan manyan kantuna sun sandare, an riƙa sa masu saye a layin jira kafin a bar su su shiga. Kamfanonin kai kaya suka cika maƙil, har Yodel ya dakatar da ɗaukar sababbin kaya daga wasu kantuna na ɗan lokaci a Disamba. A shekarar da ta biyo, 2015, Asda da kanta ta janye daga Black Friday, ta ce masu sayenta sun gaji da rububin rana ɗaya. Masu ɗaukar hoto suka je ƙofar kantuna da asuba a waccan shekara suka tarar da mutane tsiraru.

Kafin haka, yaushe mutanen Birtaniya suke rangwamensu?

Bayan Kirsimeti. Ranar 26 ga Disamba, wadda suke kira Boxing Day, hutu ce a Ingila tun dokar 1871, kuma ita ce ke buɗe rangwamen da ke zarcewa cikin Janairu. Hikimar a fili take: an sayar da kaya da cikakken farashi lokacin da kowa ke neman kyautar da zai bayar, abin da ya rage sai a karyar a share rumbu kafin kayan bazara su iso.

Black Friday ta juya wannan tsari. Yanzu ana rage farashi a daidai lokacin da mutane za su saya ko da ba a rage ba. Shi ya sa masana harkar kantuna da yawa ke ganin ba ta ƙara yawan ciniki sosai ba, ta dai jawo cinikin Disamba zuwa Nuwamba, ta kuma rage ribar da ke kan kowane kaya. Mutane sun koyi jira: daga Oktoba mai son firji ko injin wanki sai ya ɗaga ƙafa. Boxing Day ba ta mutu ba, musamman ga tufafi da kayan ɗaki, amma an rage mata armashi, wasu manyan kantuna ma yanzu a rufe suke wuni su ba ma'aikata hutu.

Me ya sa yanzu ba a ganin dogayen layuka, kuma rangwamen ya koma na wata guda?

Dalili na farko an ambace shi: ranar aiki ce, mutum yana ofis ko asibiti ko bakin tuƙi, wayarsa ce kasuwarsa. Na biyu darasin 2014. Kanti ya gwammace ya baza ciniki a kan mako biyu ko uku da ya tara shi a rana ɗaya shafinsa ya sandare, ma'ajiyarsa ta kasa. Na uku gasa: wanda ya fara rangwame da wuri shi ke kama kuɗin kafin ya tafi wani wuri. Akwai kuma batun albashi, domin yawancin ma'aikata a ƙarshen wata ake biyansu, kuma in Juma'ar ta faɗo 23 ko 24 ga wata aljihu bai cika ba tukuna, sai a ja rangwamen har ya haɗu da albashi.

Annobar korona ta ƙarasa aikin. Daga 5 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba 2020 kantunan da ba na kayan larura ba a rufe suke a Ingila, Black Friday ta shekarar mafi yawanta a intanet aka yi ta.

Cyber Monday da Prime Day fa, abu ɗaya ne da ita?

Dangi ne. Cyber Monday ita ce Litinin ɗin da ke biye. Ƙungiyar 'yan kasuwar Amurka ce ta ƙirƙiro sunan a 2005, lokacin da intanet na ofis ya fi na gida sauri, mutane suna komawa aiki su yi sayayya a kwamfutar ofis. A Birtaniya yau ba ta da wani bambanci, wutsiyar Black Friday ce kawai. Prime Day ta Amazon ce ita kaɗai, ta fara a Yulin 2015, kuma sai mai rajistar Prime, tsarin Amazon na masu biyan kuɗin zama mamba. Asabar ta ƙananan 'yan kasuwa ma daga Amurka ta zo, ta shiga Birtaniya a 2013, ana yinta Asabar ta farko a Disamba.

Rangwamen na gaske ne, ko kallon kitse ake yi wa rogo?

Akwai na gaske, amma ba su kai yawan da allunan ke nunawa ba. Ƙungiyar kare masu saye mai suna Which? ta shafe shekaru tana bin farashin kayan da aka yi tallansu a Black Friday, wata shida kafin ranar da wata shida bayanta. Sau da dama sakamakon iri ɗaya yake fitowa: fiye da tara cikin goma na kayan an sayar da su a wannan farashi ko ƙasa da shi a wani lokaci na shekara. Ba wai farashin ranar ya yi tsada ba ne. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa in ka rasa yau ka rasa ke nan.

Dabarun sanannu ne. Akwai farashin "da" wanda aka ja wa layi: a ce an rubuta talabijin fam 599 ne da, yanzu fam 399, alhali rabon da a sayar da shi 599 tun farkon shekara, duk bazara 429 yake. Rangwamen gaskiya fam 30 ne, ba 200 ba. Akwai kwatanta farashi da wanda masana'anta ta ba da shawara, wanda kusan ba wanda ke sayarwa a kansa. Akwai "har zuwa kashi 70 cikin 100", inda kaya biyu ko uku ne kawai suka kai haka. Akwai agogon da ke ƙirga sauran mintuna, da rubutun "saura uku", duk don a hana ka tsayawa ka yi tunani. Sannan akwai samfurin bara da ake son sharewa, ko wani mai kama da sananne amma lambarsa ta bambanta da harafi ɗaya, an rage masa ramukan HDMI ko ingancin allo.

To yaya zan gane na gaske?

Aikin yana farawa tun Oktoba. Ka rubuta abin da kake buƙata da cikakkiyar lambar samfurinsa, harafi da lamba duka, ka rubuta farashinsa na ranar a kantuna uku. Wannan takardar ita ce ma'auninka, ba farashin da aka ja wa layi ba. Sannan ka duba tarihin farashin: CamelCamelCamel yana nuna hawa da saukar farashin Amazon na watanni da shekaru, PriceSpy da Idealo kuma suna kwatanta kantuna da yawa. Duk suna ba da damar ka sa farashin da kake so, su aiko maka saƙo in an kai wurin.

Kafin ka biya, ka haɗa kuɗin kawowa, da na ɗaurawa in injin wanki ne ko murhu, da na ɗauke tsohon. Kanti mai araha da fam 15 yana iya zama mai tsada in an haɗa waɗannan. Ka duba tsawon garanti, don wani kanti yana ba da shekara biyar a kan talabijin, wani shekara ɗaya. Ka duba wanda ke sayarwa a zahiri: a Amazon da eBay da makamantansu, sau da yawa wani ɗan kasuwa ne daban, wani lokaci ma daga wata ƙasa, kuma wannan yana shafar haƙƙinka, kamar yadda amsar da ke kan kati ta bayyana.

Doka ba ta hana farashin ƙarya ba?

Ta hana yaudara, sai dai iyakar tana da faɗi. A da akwai ƙa'idar cewa kaya ya kwana 28 a kan tsohon farashi kafin a ce an rage shi. An sauya wannan jagora a 2016, yanzu abin da ake dubawa shi ne ko kwatancen zai ruɗi mai saye na yau da kullum. Hukumar ASA ce ke sauraron ƙorafi kan talla. Sabuwar dokar kasuwanni da masu saye ta 2024 ta ba CMA, hukumar kula da gasa da kasuwanni, ikon cin tarar kamfani kai tsaye, har kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na duniya, ta kuma haramta sharhin yabo na bogi da ɓoye kuɗaɗen dole sai a matakin ƙarshe na biya. Wannan ɓangare ya fara aiki a Afrilun 2025.

Na saya na fasa. Zan iya mayarwa?

Ya danganta da inda ka saya. In a intanet ne ko ta waya, ƙa'idojin 2013 sun ba ka kwana 14 daga ranar da kaya ya iso hannunka ka sanar da kanti ka fasa, ba sai ka ba da dalili ba, da wasu kwana 14 na mayarwa. Za a dawo maka da kuɗin kayan da kuɗin kawowa na yau da kullum. In ka zaɓi kawowar gaggawa, ƙarin naka ne, kuma kuɗin mayarwa yakan hau kanka sai in kantin ya ce ya ɗauka. Ban da kayan da aka yi musamman dominka, da masu saurin lalacewa, da irin waɗanda ake liƙewa saboda tsafta in ka ɓare su.

In kuwa a cikin kanti ka saya hannu da hannu, doka ba ta tilasta masa karɓar kaya mai lafiya don kawai ka canja ra'ayi ba. Yawancinsu suna karɓa bisa ga ƙa'idarsu, da dama ma suna tsawaita wa'adin zuwa Janairu saboda kyaututtukan Kirsimeti, amma alfarma ce. Ka tambaya kafin ka biya, ka adana rasit.

In kayan ya zo da matsala, ko bai iso ba sam?

Rangwame ba ya rage haƙƙi ko kaɗan. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce cikin kwana 30 na farko kana iya mayar da kaya mai aibi a ba ka kuɗinka cif. Bayan haka kanti yana da dama ɗaya ya gyara ko ya sauya. Cikin wata shida na farko ana ɗauka aibin tun asali yake, kanti ne zai kawo hujjar akasin haka. Bayan wata shida hujja ta koma kanka, amma kana da damar neman haƙƙi har shekara shida a Ingila da Wales, biyar a Scotland. Takardar "ba a mayar da kayan rangwame" ba ta soke wannan, sai dai in an nuna maka aibin kafin ka saya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne bin masana'anta ko kamfanin kai kaya. Cinikinka da kanti ne, shi ke da alhaki har kaya ya shiga hannunka. In direba ya ajiye kwali a bakin ƙofa ba da izininka ba aka ɗauke, kanti zai biya. Amma in kai ka rubuta "a ajiye bayan kwandon shara" ko "a ba maƙwabci", ka raunana hujjarka. Idan ba a yi yarjejeniyar rana ba, wa'adin kawowa kwana 30 ne.

Da wane kati ya fi kyau in biya?

Ga kaya mai tsada, katin bashi. Sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa kamfanin katin ya zama abokin alhakin kanti a kan duk kayan da farashinsa ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, ko da wani ɓangare kawai ka biya da katin. In kanti ya durƙushe kafin ya kawo, wurin bankin za ka nema. Farashin kaya ɗaya ake dubawa, ba jimillar kwando ba: riguna huɗu na fam 30 ba su shiga. Mai gudun kuɗin ruwa yana iya biyan duka kafin wa'adin wata ya cika. Katin cirar kuɗi na asusu yana da tsarin janyo kuɗi baya, yawanci cikin kwana 120, amma ƙa'idar kamfanonin kati ce, ba doka ba.

Kariyar sashe na 75 tana iya yankewa in wani ya shiga tsakani, kamar ɗan kasuwa a dandalin wani. Tsarin "ɗauka yanzu, biya daga baya" irin na Klarna da Clearpay bashi ne ko da ba a kira shi haka ba. Uku ko huɗu daga cikinsu suna iya haɗuwa a Janairu tare da kuɗin haya da na ɗumama ɗaki.

Wace damfara ce ta fi yawa a wannan lokaci?

Saƙon tes mai cewa an zo da kayanka ba a same ka ba, ka biya fam ɗaya ko biyu a sake kawowa. Yana kama mutane ne saboda a makon kowa yana jiran kaya. Ba kuɗin ne abin nema ba, lambobin katinka ne, kuma bayan kwana biyu wani zai kira ya ce daga bankinka yake, ka mayar da kuɗinka wani "asusu mai tsaro". Banki ba ya faɗin haka. Ka kashe wayar ka kira 159, lambar da ke haɗa ka da bankinka kai tsaye, saƙon kuma ka tura shi 7726 kyauta. Sai shafukan bogi da ake tallatawa a Facebook da Instagram da sunan sanannun kantuna. Ka rubuta adireshin kantin da hannunka maimakon latsa talla, kuma duk wanda ya ce sai dai ka tura kuɗi asusu zuwa asusu, ka bar masa kayansa.

Tunda a Amurka abin ya fi araha, in sayo daga can kai tsaye?

Da wuya ya biya. Farashin Birtaniya ya haɗa da harajin VAT na kashi 20 cikin 100, na Amurka kuwa ba a sa harajin saye a kan allo, shi ya sa yake kama da ya fi sauƙi. Kayan da ya haura fam 135 za a caje shi VAT a kan kuɗin kaya da na jigila, wataƙila da kuɗin kwastan, da ladan kamfanin da ya fito da shi. Ga kuma wuta: Amurka volt 120 take amfani da shi, Birtaniya volt 230. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗaukar duka biyu, amma injin niƙa ko na busar da gashi zai ƙone. Talabijin ɗin Amurka ba ya kama tashoshin eriya na Birtaniya, garantinsa ma sau da yawa ba ya tsallaka teku.

Ni baƙo ne, ko ina son aika kayan gida. Me zan lura da shi?

Tun 1 ga Janairu 2021 aka daina mayar wa baƙi harajin VAT a filayen jirgin Ingila, Scotland da Wales, saboda haka kada ka sa shi cikin lissafi. Wasu kantuna suna cire harajin in su da kansu za su aika kayan kai tsaye zuwa adireshi a ƙasar waje. Ta fuskar wuta an yi sa'a: filogi mai ƙafa uku na Birtaniya shi ne na Najeriya da Gana, ƙarfin wutar ma ɗaya. Mai kai kaya Nijar, Kamaru ko Cadi zai buƙaci mahaɗi mai ƙafa biyu irin na Faransa.

Wa'adin kwana 14 da na kwana 30 da aka yi bayani a sama ba sa jiran jirgin ruwa. In kaya zai yi wata biyu a hanya kafin a buɗe shi a Kano ko Kumasi, damar mayarwa ta wuce, kuma ba kantin da zai biya kuɗin dawo da shi. Ka buɗe kwalin tun a Birtaniya, ka kunna, ka bar shi ya yi aiki kwana biyu ko uku, ka ɗauki hoton lambar jikinsa da rasit, sannan ka kai wa masu jigila.